Nuna sandunan sautin kiɗa da Arduino: abin da kowa ya tarar

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina haɗa na'urar da za ta saurari kiɗa ta makirfo, ta raba sautin daga mai kauri zuwa siriri, ta nuna ƙarfin kowanne da sanduna masu hawa da sauka. Na yi amfani da Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar haɗa na'urori, da lissafin FFT mai rarraba sauti gurbi-gurbi bisa kauri da siranta, amma sandunan siririn sauti ba sa motsi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki su faɗi abin da suka tarar.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara duba saurin ɗaukar samfur, wato sau nawa Uno take auna siginar makirfo a daƙiƙa. Umarnin analogRead yana karanta kusan samfur 9,600 a daƙiƙa, kuma lissafin ba ya ganin abin da ya wuce rabin wannan adadi, wato kusan 4,800 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), shi ya sa siririn sauti ba ya fitowa. Da na rage rabon agogon ADC, sashen da ke mayar da sigina zuwa lambobi, daga 128 zuwa 32, sai karatun ya kai kusan 38,000, sandunan ƙarshe suka fara rawa duk lokacin da aka kaɗa kuge.

Amsa ta biyu:
Ni ƙwaƙwalwa ce ta tare mini hanya. Uno kilobayit 2 kacal gare ta na ƙwaƙwalwar aiki (RAM), wato bayit 2,048. Jeri biyu na samfur 128 sun cinye bayit 1,024, allon OLED mai ɗigo 128 da 64 kuma yana neman wasu 1,024, shi ya sa allon ya ƙi tashi sam. Na koma ESP32, wata ƙaramar kwamfuta da ta fi Uno ƙwaƙwalwa, da makirfon INMP441, inda samfur 1,024 a gudun 40,000 ke ba kowane gurbin FFT faɗin kusan 39 Hz. A nan ne na lura cewa idan aka raba guraben daidai wa daida, duk kaurin ganga yana cunkushewa a sanda ɗaya, saboda haka na riƙa ninka faɗin kowace sanda a kan ta baya, kamar yadda kunne ke ji. Gurbin farko kuwa watsar da shi nake yi, domin tsayayyen lantarkin makirfo ne, ba kiɗa ba.

Amsa ta uku:
Idan sanda bakwai ta ishe ka, ɗan'uwa, guntun lantarki mai suna MSGEQ7 yana raba sautin da kansa daga 63 Hz zuwa 16,000 Hz, Uno karantawa kawai take yi.