Wace irin yarjejeniyar agajin kan hanya ce ta dace da mai babur?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu babura. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kan wannan abin hawa, game da yarjejeniyar da mutum yake biyan kuɗinta shekara-shekara domin a kawo masa ɗauki idan babur ya lalace masa a hanya. Abin da ya same ni makonni uku da suka wuce ne ya jawo wannan tambaya. Ina dawowa daga tafiya da yamma, sai na ji bayan babur ɗin yana lilo kamar ina bin yashi, da na tsaya na duba sai ga kan ƙusa yana ƙyalli a tsakiyar tayar baya, iska kuwa ta riga ta gama fita. Tayata mai tif ce, saboda haka ɗan kayan toshe huda da nake yawo da shi bai tsinana mini komai ba. Na kira lambar da ke jikin takardar inshorar motata da yaƙinin cewa agajin da nake biya zai bi ni duk inda nake, amma wanda ya ɗauki wayar ya bayyana mini cikin ladabi cewa a kan motar aka ƙulla yarjejeniyar, ba a kaina ba, kuma babur ba ya cikinta. Na tura babur mai nauyin kusan kilo 200 har numfashina ya fara sarƙewa, kafin wani mai akori-kura ya tausaya ya tsaya, muka kwantar da shi a bayan motar, ya isa gida da fasasshen madubi da tanki duk ƙarzuwa.

Yanzu hanyoyi uku ne a gabana. Ko dai in ƙara wani abu a kan inshorar babur ɗin a haɗa mini da agajin hanya, ko in shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu ababen hawa da ke yi wa membobinsu wannan hidima, ko kuma in sabunta wanda kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya bayar tare da garanti, wanda ya ƙare bara ban ma lura ba. Na inshora ne ya fi arha, kuma zuciyata ta karkata gare shi, amma tun da na riga na ƙone sau ɗaya, ina so in san abin da ya kamata in duba kafin in sa hannu.

Tsohon Direban Janwe ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina ɗaukar ababen hawa da suka mutu a hanya, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ajiye maganar arha tukuna, ka tambayi duk wanda zai sayar maka da yarjejeniya da wace irin mota za a zo ɗaukar babur ɗinka. Janwen da ke ɗaga gaban mota ya ja ta a kan tayoyin baya ba shi da abin da zai yi wa babur. Babur yana bukatar mota mai shimfiɗaɗɗen baya ko tirela, da wani ƙarfe da ake cusa tayar gaba a cikinsa ya riƙe ta, da ɗamaru masu laushi waɗanda ba sa cin fenti. Kamfanin da ka biya sau da yawa ba shi ne mai motocin ba, 'yan kwangila yake da su a wurare daban-daban, kuma idan ba a rubuta masa tun farko cewa babur ne ba, zai turo maka wanda ya fi kusa, ka jira awa biyu, mutumin ya iso ya dubi babur ɗin ya girgiza kai ya koma, a sake sabon lissafi.

Ko da motar da ta dace ce ta zo, kada ka koma gefe kana danna waya. Ka tsaya ka ga yadda ake ɗaure shi. A tsaye ake ɗaure babur, ba a jingine a kan ƙafarsa ta gefe ba, domin ramin hanya ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙafar ko ya tsaga inda take maƙale. Ɗamara huɗu ake sa masa, biyu gaba biyu baya, a ja na gaba har shokozoba ta ɗan nutse amma ba ta kai ƙarshenta ba, saboda idan aka matse ta gaba ɗaya tsawon tafiya, robobin da ke riƙe mai a cikinta suna iya fara yoyo. Ka lura kada ɗamara ta bi ta kan bututun birki ko wayoyin wuta, kuma kada a rataya ƙugiya a kan robar jikin babur. Na taɓa ganin wani yaro sabon shiga ya ɗaura ɗamara a kan hannun totur ya ja da ƙarfinsa, muka isa gareji muka tarar hannun ya tsage. Kafin a taɓa babur ɗin, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, domin ranar da aka samu ƙarzuwa, hoton ne zai yi maka shaida.

Akwai kuma abin da ya bambanta ku da masu mota, wanda shi ya sa nake cewa nisan ɗauka ya fi komai muhimmanci a wurinku. Mai mota yana da safaya a but, a canza masa taya ya ci gaba da tafiya. Kai ba ka da ita. Tayar da ba ta da tif ana iya toshe hudarta a bakin hanya idan a tsakiya take kuma ƙarama ce, amma taka sai an kwance ƙafar an ɓare taya, aikin da yawancin masu agajin hanya ba sa yi. Ke nan kusan duk facin da za ka yi, ɗauka ce za ta biyo baya. Batir ma haka yake da nasa sharaɗi, domin idan babur ɗinka na zamani ne mai famfon mai na lantarki, turi ba zai tayar da shi ba in batirin ya mutu murus, kuma idan za a jona masa wuta daga mota, a kashe injin motar tukuna.

Ma'aikaciyar Inshora ta amsa:

Malam, Baba ya yi maka bayanin abin da ke faruwa a bakin hanya, ni kuma zan yi maka na takarda, domin a nan ne yawancin saɓani yake tasowa. Abin da ya same ka ba zalunci ba ne, bambanci ne tsakanin yarjejeniya iri biyu da ba a cika bayyana wa mutane ba. Akwai wadda take bin abin hawa, wato lambar babur ɗin ce a rubuce, kuma duk wanda yake kansa da izini za a agaza masa. Akwai kuma wadda take bin mutum, wato kai ne memba, ko a kan babur ɗinka kake ko a cikin motar wani. Wanda yake da mota da babur, kamar kai, ta biyun ce ta fi yi masa daidai a mafi yawan lokuta, amma da sharaɗin ya ga kalmar babur a rubuce a cikin jerin ababen hawan da aka amince da su. A Amurka, alal misali, ƙungiyar masu motoci ta AAA wadda aka kafa a 1902 tarin rassa ce, kowane reshe da ƙa'idarsa, kuma a da yawa daga cikinsu matakin farko na zama memba bai haɗa da babur ba, sai an hau mataki na gaba ko an biya ƙari. Mutane sukan ɗauka katin da ke aljihunsu ya wadatar, sai ranar bukata su ji labari dabam.

Bayan wannan, ka nemi jimlar da ta faɗi inda za a kai babur ɗin. Wasu suna cewa zuwa gareji mafi kusa da zai iya gyara, wasu suna cewa zuwa inda ka zaɓa matuƙar bai wuce nisa kaza ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa. Gareji mafi kusa yana iya zama na masu gyaran mota da ba su taɓa kwance irin babur ɗinka ba, ko ya kasance a rufe sai bayan kwana biyu. Nisan ma ya bambanta ƙwarai, domin ƙananan yarjejeniyoyi 'yan kilomitoci kaɗan suke ɗauka kyauta, alhali matakin tsakiya na AAA yana kai wa mil 100, wato kimanin kilomita 160, abin da ya wuce haka kuma kai za ka biya a kan kowane mil. Ka buɗe taswira ka auna daga wuri mafi nisa da ka saba zuwa har garejin da ka amince da shi, wannan adadin shi ne ma'auninka.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne a ido amma suna cizo. Ana ƙayyade yawan kira a shekara, kuma sau 4 ne a AAA. A Ingila, matakin farko na ƙungiyar masu motoci ta AA yana aiki ne idan ka yi nisan fiye da rubu'in mil daga gidanka, wato kimanin mita 400, saboda haka babur ɗin da ya ƙi tashi a ƙofar gida da safe sai da ƙarin yarjejeniya, alhali a nan ne batir ya fi mutuwa bayan an daɗe ba a hau ba. Wasu ba sa fara aiki sai bayan wasu awoyi ko kwanaki da biyan kuɗi, don kada mutum ya saya yana tsaye kusa da lalataccen babur. Wasu kuma ba sa turo kowa, kai za ka nemo mai ɗauka ka biya, ka aika rasit a mayar maka da wani kaso. Game da wanda ake haɗawa da inshora, wanda ka ce ya fi arha, ka tambaye su kai tsaye ko kiran agaji yana shiga tarihinka a matsayin neman diyya, domin a wasu kamfanoni yana shiga, kuma yawansa yana iya taɓa kuɗin da za a yanka maka a shekara mai zuwa. Ka sa a ba ka amsar a rubuce.

Mai Dogon Zango ya amsa:

Ban ƙi abin da Malama ta faɗa ba, amma ina ganin an ɗan yi wa ƙungiyoyin nan rashin adalci idan aka bar mutum da tunanin cewa babur baƙo ne a wurinsu. Ƙungiyar masu motoci ta ADAC a Jamus, wadda tana cikin mafiya girma a Turai, an kafa ta ne a birnin Stuttgart a 1903 a matsayin ƙungiyar masu babura, sai a 1911 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yanzu. Ita ma AA ta Ingila, da aka kafa a 1905, ta shafe shekaru masu yawa ma'aikatanta suna sintiri a kan babura masu akwatin kayan aiki a gefe. A Amurka kuma akwai AMA, ƙungiyar mahaya babura da aka kafa a 1924, wadda take da nata tsarin agaji ga membobi. Idan a inda kake akwai ƙungiya irin wannan ta mahaya zalla, ni ita zan fara dubawa, domin wanda zai ɗauki wayarka ba sai ka yi masa bayanin abin da ya sa ba a jan babur da igiya ba.

Inda na fi son ka mai da hankali shi ne irin hanyoyin da kake bi. Kusan duk yarjejeniyar da na taɓa karantawa tana magana ne a kan hanyar da motar ɗauka za ta iya shiga, kuma da yawa sun cire hanyar da ba ta da kwalta ko wadda hukuma ba ta kula da ita. Sarƙata ta taɓa tsinkewa a wata hanyar burji, nisan kilomita 3 daga kwalta, aka ce mini cikin girmamawa in fito da babur ɗin bakin titi za a same ni a can. Haka na tura shi. Idan kana ƙetare iyakar ƙasa, wannan ma sai ka tambaya, haka nan makomar wanda ka goya, domin gaban motar ɗauka ba kullum yake da wurin mutum biyu ba.

Kuma kada takardar nan ta sa ka bar kayan aikinka a gida. A wurin da babu sabis, lambar waya ba ta da amfani, sai abin da ke ƙarƙashin sirdinka. Tun da tayarka mai tif ce, ka koyi kwance ƙafa a gida da rana tsaka, ka riƙa tafiya da sabon tif da ƙarafan ɓare taya da ƙaramin famfo.

Sabon Mahayi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da kai ɗan'uwa. Na auna nisan kamar yadda aka ce, na samu kilomita 140, wanda ya riga ya fitar da na inshorar daga lissafi, domin nasu bai kai rabin haka ba. Saura tambaya ɗaya, Baba. Na ga dukkansu sun rubuta cewa suna taimakawa idan makulli ya ɓata, shin wannan yana da wani amfani ga mai babur?

Tsohon Direban Janwe ya amsa:

Don masu mota aka rubuta wannan layin, ɗana, waɗanda suke rufe ƙofa makulli yana ciki. Kai ba ka da ƙofar da za a buɗe maka, kuma idan makullinka irin mai ɗan guntun lantarki ne a ciki, yanka sabon ƙarfe ba zai tayar da injin ba sai an haɗa shi da kwamfutar babur ɗin a wurin dillali, saboda haka ɗauka ce dai za a yi. Wahalar ita ce idan ka kulle kan babur kafin makullin ya ɓata, tayar gaba tana karkace gefe ɗaya, ba ya turuwa sai dai ya yi ta zagaye. Idan ka kira, ka faɗa musu haka tun a waya, domin su taho da ƙaramin keken da ake ɗora tayar gaba a kai, da mutum na biyu da zai riƙe babur ɗin yayin da ake jan shi sama.