Ina son in ƙera akwatin gem irin na da a gida: daga ina ya kamata in fara?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako da na lantarki a kan wani buri da na daɗe da shi, wato in ƙera akwatin gem na tsaye irin wanda ake jefa wa tsaba a ɗakunan wasa na Japan da Amurka, mai allo a sama da sanda da maɓallai a gaba, wanda mutum biyu za su iya bugawa a lokaci guda.

Mu da muka tashi a Kano a shekarun 1990 ba da irin wannan akwati muka fara ba. Abin da muka sani shi ne gidan gem na unguwa, inda ake ɗora Sega Mega Drive a kan benci a haɗa ta da talabijin mai ƙeya, a biya kuɗi a karɓi hannu, wanda aka ci kuma ya miƙa wa na bayansa. Sai da na girma na gane cewa Street Fighter II da Mortal Kombat, waɗanda suka cinye mana kuɗin tara, domin waɗancan akwatunan aka fara yin su, Capcom ta fitar da na farkon a 1991, Midway kuma ta fitar da na biyun a 1992, abin da ya iso gare mu kuwa kwafi ne da aka rage domin ya shiga kaset. Ina so in buga su yadda aka yi su tun asali, kuma ina so yarana su ga abin da ya hana mu zaman gida.

Abin da nake da shi a hannu shi ne tsohuwar kwamfutar tebur, da allon kwamfuta mai inci 19, da talabijin mai ƙeya mai inci 21 wanda har yanzu yana aiki. Wane katako ya dace, wace na'ura zan sa a ciki, kuma a cikin allunan nan biyu wanne zan ɗauka?

Kafintan Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ɓangaren katako zan taɓa, domin nan ne gonata. Yawancin zanen da za ka samu a intanet an yi shi ne da falankin MDF, saboda yana da santsi kuma yana karɓar fenti da kyau, amma ban ba ka shawarar ka bi su ba. MDF garin katako ne da aka matse da gam, kuma da zarar ƙasansa ya sha ruwan mofa ko laimar damina sai ya kumbura ya fara marmashewa, ga nauyi, ga shi ba ya riƙe sukuru idan an ɗaura ta gefe. Ka nemi filawud mai kaurin milimita 18, ka duba gefensa da idonka kafin ka biya, ka guji wanda yake da ramuka a tsakanin shimfiɗunsa. Falanki biyu masu ƙafa 4 da ƙafa 8 za su isa akwatin tsaye idan an tsara yankan da hankali, kuma tun da a Kano kake, 'Yan Katako ta Na'ibawa ba ta yi maka nisa ba.

Tsayin akwatin zai kai wajen santimita 175, teburin maɓallai kuma ya zauna wajen santimita 90 zuwa 95 daga ƙasa, faɗinsa kada ya gaza 70 idan manya biyu ne za su tsaya ba tare da gwiwar hannu ta riƙa karo ba. Kafin ka sa zarto a katako, ka yanka teburin maɓallan da kwali, ka zana ramukan, ka ɗora hannunka ka gwada, domin ramin da aka huda a inda bai dace ba ba ya toshewa yadda ido ba zai gani ba. Ka shafa maganin gara a ciki da waje kafin fenti, ka ɗora akwatin a kan tayoyi ko ƙafafun roba domin kada ya taɓa siminti, sannan ka auna ƙofar ɗakin da zai shiga tun yanzu.

Mai Gyaran Rediyo ya rubuta:

Malam Ɗan Fagge, bayanin da Malam Kafinta ya yi babu abin cirewa, sai dai ina ganin ka fara tambayar daga ƙarshe. Tambayar farko ita ce waɗanne wasanni za ka buga, domin su ne za su yanke maka hukunci a kan allo da sanda da yawan maɓallai. Pac-Man na Namco na 1980, da Galaga da Donkey Kong na 1981, duk a kan allon da aka tsayar a tsaye aka yi su, kuma sandar Pac-Man da ta Donkey Kong kusurwa huɗu kawai take zuwa. Wasannin faɗa kuwa allonsu a kwance yake, sandarsu tana zuwa kusurwa takwas. Idan ka buga Pac-Man da sanda mai kusurwa takwas za ka ga yana wuce kwanar da kake nufi, ka ɗauka hannunka ne ya tsufa, alhali sandar ce take aika umarni biyu a lokaci guda. Tun da Street Fighter II ne a ranka, ka kwantar da allon, ka sa maɓallai shida ga kowane ɗan wasa, uku na naushi a sama da uku na shuri a ƙasa. Waɗannan shidan sun wadatar da Mortal Kombat mai maɓallai biyar, da wasannin injin gem na Neo Geo mai maɓallai huɗu, irin su King of Fighters da Metal Slug.

Sandar da aka fi yarda da ita ita ce JLF ta kamfanin Sanwa na Japan. Ka lura cewa maɓallan Japan ramin milimita 30 suke shiga, na Amurka kuma 28, kuma na Japan masu maƙalewa an yi su ne domin farantin ƙarfe mara kauri, ba za su kama filawud na milimita 18 ba sai an rage bayan katakon. Saboda haka ka sayi maɓallan tukuna, sannan a huda. Wayoyinsu duka za su shiga wani ɗan ƙaramin allon lantarki mai USB wanda kwamfuta take ɗauka a matsayin hannun gem.

Game da na'ura, ba na ganin dalilin kashe kuɗi a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ake yawan sawa a irin wannan akwati, alhali kana da kwamfuta a ajiye. Ka sa mata Batocera, wadda take tashi kai tsaye zuwa jerin wasanni ba tare da an ga fuskar kwamfuta ba, a cikinta kuma akwai MAME da FinalBurn Neo, manhajojin da suke kwaikwayon ainihin injunan. MAME ɗin nan wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ne ya fara ta a 1997 domin adana waɗannan injuna kada su ɓace. Abin da yake wahalar da sababbin shiga shi ne dole fayilolin wasan su dace da zubin manhajar. Alal misali MAME 2003 tana son fayilolin zubi na 0.78, idan ka ba ta wasu sai allo ya yi baƙi ya dawo da kai baya ba tare da wani bayani ba. Ka kuma san cewa wasannin har gobe mallakar kamfanoninsu ne, tsufansu bai mayar da su kayan kowa ba, musamman idan wata rana zuciya ta raya maka ka fito da akwatin ƙofar gida yara su riƙa biya.

Abubuwa biyu da zanen Turawa ba zai faɗa maka ba su ne wuta da ƙura. Ɗaukewar wuta a lokacin da na'ura take rubutu yana lalata ma'ajiya, don haka ka sa UPS ko ka jona da inbata. Ka kuma sa fanka a saman bayan akwatin tana fitar da zafi, da rami a ƙasa wanda aka rufe da raga da soso, in ba haka ba hunturu ɗaya ya isa ya cika maka kwamfutar da ƙura. Allo kuwa, ka ɗauki na kwamfutar idan ba mai faɗin nan irin na talabijin ɗin zamani ba ne.

Baban Yara ya rubuta:

Injiniya, a nan ƙarshen ne ban bi ka ba. Wasannin nan an zana su ne domin talabijin mai ƙeya. Street Fighter II ɗigo 384 ne a kwance da 224 a tsaye, kuma masu zanen sun san cewa gilashin zai narkar da gefen ɗigon ya haɗa launuka, shi ya sa fuskar Ryu, ɗaya daga jaruman wasan, take fitowa da kyau a can, a allon zamani kuwa sai ka ga murabba'i-murabba'i. Haka kuma talabijin mai ƙeya ba ya jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto, wanda kuwa ya taɓa tare shurin Guile, wani jarumin wasan, a daƙiƙar ƙarshe ya san abin da wannan yake nufi.

Akwai kuma wani abu da nake so ƙanena Ɗan Fagge ya shirya masa. Wasan da za ka gani a akwatin ba shi ne wanda kake tunawa ba. Idan Mega Drive ɗin gidan gem ɗinku ta Turai ce, to a kan tsarin PAL take, mai hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60, kuma wasanni da yawa sun fi tafiya a hankali a kanta da kusan kashi 17 cikin ɗari. Muryoyin ma an dusashe su domin su shiga kaset. A Mortal Kombat na farko na Mega Drive sai mun danna maɓallan A, B, A, C, A, B, B kafin jini ya fito, kuma yaron da ya haddace wannan ana kallonsa a matsayin gwani. A na asalin babu wannan sirri, jinin yana nan tun farko. Na asalin ma an tsananta shi da gangan, domin kamfani yana so a kashe ka da wuri ka sake jefa tsaba. Shawarata ita ce ka sa duka biyun, na akwati da na Sega, ka kuma bar maɓallin jefa tsabar a wurinsa, ka ƙayyade wa yaran adadi. Idan ka ba su rai mara iyaka za su ƙare Metal Slug kafin la'asar, ba kuma za su sake waiwayarsa ba.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tsaya a kan filawud, da allo a kwance, da maɓallai shida-shida, da tsohuwar kwamfutar. Zancen Yaya Baban Yara ya ja ni zuwa ga talabijin ɗin, sai dai kwamfutar ba ta da ramin wayar nan mai ruwan ɗorawa da talabijin yake karɓa, kuma kwanon robarsa ya yi faɗi a kan santimita 70 idan an haɗa da katangar katako da sifiku. Shin zan iya cire masa robar in ɗaure gilashin kai tsaye a cikin akwatin?

Mai Gyaran Rediyo ya rubuta:

Ana yi, haka ma akwatunan asali suke, amma don Allah kada ka yi da hannunka. Gilashin talabijin mai inci 21 yana aiki da wuta sama da bolt 20,000, kuma yana iya riƙe caji bayan an zare shi daga soket, wuyansa na baya kuma siriri ne, ɗan bugu kaɗan yake fasa shi. Ka kai wa mai gyaran talabijin ya sauke cajin, ya ɗaure gilashin da allon lantarkinsa a kan firam ɗin ƙarfe da mai walda zai yi, sannan ƙofar baya ta zama mai kwaɗo saboda yara.

Matsalar waya ita ce babba. Talabijin yana karɓar hoto ne a kan kilohaz 15, kwamfuta kuma tana fitar da 31 zuwa sama, kuma 'yan akwatunan nan masu arha da suke juya HDMI zuwa wayar talabijin suna ƙara jinkiri suna kuma sa hoto rawa, wato suna zubar da duk abin da Yaya ya yaba. Idan talabijin ɗin ka zaɓa, a nan ne Raspberry Pi 3 ko 4 take da amfani, domin ramin sautinta yana fitar da hoton talabijin kai tsaye, kuma ana iya saita ta a kan layi 240 irin na injunan da. Ka duba bayan talabijin ɗin ka tabbatar yana karɓar NTSC, wato tsarin mai hoto 60 a daƙiƙa, sannan ka turo mana faɗin gilashin da zurfinsa, domin Malam Kafinta ya gyara maka zurfin akwatin kafin ka je Na'ibawa.