Ganyen tumatir yana ƙonewa daga ƙasa: shin maganin kofa (sinadarin jan ƙarfe) zai tsayar da cutar?

Mai tambaya daga Zariya:
Assalamu alaikum. Na shuka tumatir a bayan gida a farkon damina, kuma da ruwa ya yi ƙarfi a watan Agusta sai ganyayen ƙasa suka fara fitar da tabo mai ruwan ƙasa, kowane tabo da zobba a cikinsa, gefensa kuma ya yi rawaya. Yanzu abin yana hawa sama. An ba ni shawarar in fesa maganin kofa, amma ina so in ji ta bakin masana tukuna, domin iyalina ne za su ci tumatir ɗin.

Malamin gona:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Zobban da kika gani su ne alamar cutar da wani fangas (ƙwayar cuta dangin funfuna) mai suna Alternaria ke haddasawa, wadda ke zama a ragowar tsohuwar shuka, ruwan sama kuma ya fantsamo ta kan ganyen da ke kusa da ƙasa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kofa, wato sinadarin jan ƙarfe, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Yana rufe lafiyayyen ganye ne don kada cutar ta shige shi. Saboda haka ki fara da tsinke duk ganyen da ya yi tabo, ki ƙone shi ko ki binne shi nesa da lambu, ki kafa wa kowace shuka sanda don iska ta ratsa ta, sannan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinta. Bayan haka sai ki fesa, sama da ƙasan ganye, ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, ko bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke maganin.

Manomin rani daga Kura:
Ina goyon bayan Malam, sai dai a kula da awo. Wanda ya wuce ma'aunin da aka rubuta a jikin ledar maganin, ko ya yi feshi da rana tsaka, zai ƙone ganyen da hannunsa, kuma kofa ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa shekara bayan shekara. Ki jira adadin kwanakin da aka rubuta kafin ki tsinki 'ya'yan, ki kuma wanke su.

'Yar'uwa daga Jos:
A wajenmu, saboda sanyi da hazo, cutar da ta fi tsoratar da mu ita ce mai baƙanta ganye da kara kamar an zuba musu ruwan zafi, irin wadda ke lalata dankalin Turawa, domin tana iya cinye lambu cikin mako guda. Idan kika ga farin gashi-gashi a bayan ganye da safe, ki tuge shukar gaba ɗaya. Baɗi kuma kada ki sa tumatir, gauta ko attaruhu a wannan wurin. Ki shuka masara ko wake har shekara 2 ko 3.