Bashin lokacin kulle ya hana gidana zaman lafiya, ku ba ni shawara

Slm 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Tun kullen korona na 2020 gidana bai dawo daidai ba. Maigidana direba ne, ranar da aka hana fita ranar samu ya tsaya cak, ɗan abin da muka tara bai kai mu ko'ina ba ga haya ga yara a gida ba makaranta sai ci, har ta kai ya sayar da motarsa kuma duk da haka sai da muka ci bashi wajen yayana. A zaman nan na fara ɗinki ina tallatawa a WhatsApp, yanzu ɗinkin ke riƙe da rabin gidan. Shi ya koma tuƙi amma motar wani yake ja, kuma da na ɗauko zancen bashin sai ya haɗe rai ya fice. Yaya bai taɓa tambaya ba, matarsa ce ta fara habaici. In biya da kuɗina a ɓoye ko in zuba ido?

Wata uwa: Ƙanwata kar ki kuskura ki biya a ɓoye. Matar da ke habaici ita za ta fara fesa maganar, ranar da ya ji a bakin wani zai ce kin tona masa asiri a danginku.

Wani magidanci: Ni ma aikina ya tafi a lokacin, wlh ba taurin kai ba ne kunya ce. Mutum yana ciyar da gidansa rana ɗaya a ce zauna, ba laifin da ya yi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce awannin aikin da aka rasa a 2020 daidai suke da ayyuka miliyan 255, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma ta ce ciwon damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta korona. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa, in abin ya yi yawa ya ga likita.

Wata 'yar uwa: Ni dai gsky ban yarda a yi ta lallaɓa shi ba, shi yayan ba a kulle shi ba ne? Haƙƙinsa ne fa.

Wata uwa: Ba wanda ya ce kar a biya 'yata. Ta samu lokacin da yake cikin nishaɗi su rubuta nawa ne, su raba wata-wata, ta sa nata ya sa nashi ko kaɗan ne, amma shi zai kai da hannunsa.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka. Maganar barcin nan ta taɓa ni, sai in farka tsakar dare in gan shi zaune. To amma in na kawo takardar ya sake ficewa fa?

Wani magidanci: Kar ki fara da takarda. Ki fara tambayarsa ko yana da burin sake mallakar mota, ki ji me zai ce.