Kwana biyu a Haniya da Hajiya mai ciwon gwiwa: ina zan kai ta?

Assalamu alaikum, jama'a ku ba ni shawara. Wata mai zuwa zan je Haniya, garin da ke bakin teku a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, tare da mahaifiyata. Za mu kwana a jirgin ruwa daga Firiyas, kusa da birnin Atina, mu sauka Suda, tashar jiragen ruwa da ke kusa da Haniya, da safe. Kwana biyu kacal gare mu.

Matsalar ita ce Hajiya ba ta iya doguwar tafiya. Kwazazzabon Samariya kilomita 16 ne a ƙafa, wannan kam na cire shi. Ita kuwa ta nace sai ta ga bakin tekun Elafonisi mai yashi ruwan hoda, amma hanyar duk duwatsu ce da kwana-kwana, kuma mota na sa ta jiri. Wanda ya taɓa zuwa, wahalar ta kai a sha ta?

Na so mu tsaya tsohuwar tashar jiragen ruwa mu kalli hasumiyar fitila. Masallacin Turkawan Usmaniyya da ke wurin yanzu ɗakin baje koli ne, ba a salla a ciki. To ina ake Juma'a a garin? Ranar za mu isa.