Kwantenar famfunan sola: ta Kotono ko ta Legas?

Manomin Fadama: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu noman rani a Argungu za ta sayo famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana daga Caina, kwantena ɗaya mai ƙafa 20. Famfo ne da farantin sola da na'urar daidaita wuta, babu batir. Kuɗin kaya dala 18,000, jirgi da inshora dala 2,000. Ba mu buɗe Fom M ba tukuna, wato takardar da ake cikewa ta banki kafin a shigo da kaya. Wani ejan ya ce a sauke a Kotono a shigo ta Kamba, ya fi sauƙi. Wani ya ce Legas kawai. Wace hanya za mu bi, kuma nawa za mu ware na fito?

Ɗan Bagudo: Wa alaikumus salam. Malam, wanga ejan ko taswira bai duba ba. Kamba da Nijar take iyaka. Daga Kotono sai ka hau Malanbil, ka ƙetara gada zuwa Gaya, sannan Kamba, ƙasa biyu ke nan kafin ka taka Najeriya, kuma gadar nan ta sha rufewa tun juyin mulkin Yulin 2023. Inda ƙasar Binin ta haɗu da Kebbi kai tsaye shi ne Segbana da Tsamiya. Kafin ku ba kowa sisi, ku tafi ofishin kwastan na Birnin Kebbi ku tambaya ko an amince a shigo da irin kayanku ta can.

Tsohon Ejan: Ga yadda ake yi. Ƙungiya ta zama da rajista da lambar haraji. A samo takardar ƙiyasin farashi daga mai sayarwa, a yi inshora da kamfanin cikin gida, a karɓi shaidar ingancin kaya ta SONCAP tunda kayan wuta ne, sannan banki ya buɗe Fom M. Duk wannan kafin kaya su hau jirgi. Bayan an loda, banki ya tura takardun ƙarshe, kwastan su fitar da PAAR, takardar ƙiyasin fito kafin kaya su iso, da ita ejan zai shigar da bayani a B'Odogwu, manhajar kwastan da ta gaji tsohuwar, NICIS II.

Lissafi kuwa, mu ɗauka lambar kayan, wato lambar da kwastan ke ba kowane irin kaya don yanke fito, ta faɗa rukunin kashi 5. Jimillar kaya da jirgi da inshora 20,000, fito 1,000. Ƙarin kashi 7 a kan fiton, 70. Rabin kashi ɗaya na ECOWAS, 100. Kashi 1 na duba kaya a kan 18,000, 180. Ka haɗa duka da 20,000 ɗin ka lissafa VAT kashi 7.5, wajen 1,600. Kusan dala 2,950 ke nan. Wasu kayan noma da na sola ba sa biyan VAT, amma lambar kaya ce ke yanke wannan, ba bakin ejan ba.

Hajiyar Jega: Baba, lissafinka na jiya ne. Dokar kwastan ta 2023, sashe na 18, ta kawo kashi 4 na kuɗin kaya. A kan 18,000 dala 720 ne, ba 180 ba. Kwastan sun ce ya maye gurbin kashi 1 da kashi 7.

Tsohon Ejan: Hajiya, bakwai biyu ne, kar a haɗa. Akwai kashi 7 da hukumar ke samu daga abin da ta tara wa gwamnati, akwai kashi 7 da ɗan kasuwa ke biya a kan fito. Shi kuma kashi 4 an fara shi a Fabrairun 2025 aka dakatar, ya dawo a Agusta, Ministan Kuɗi Wale Edun ya ba da umarnin dakatarwa a Satumba. Shi ya sa na ba Manomin Fadama tushe. Ya ware 720 a gefe, abin da takardar biya ta nuna ranar shi ne gaskiya.

Sarkin Albasa: Ku bar wahala, ku sa famfunan cikin buhun albasar Aliero. Jami'in da ya buɗe hawaye zai hana shi ganin komai.

Mai Gareji: Ana maganar takarda kuna dariya. Wani magidanci a nan Birnin Kebbi ya sayar da gonar gado ya sayi mota ƙirar Sienna don haya. An miƙa masa takardar duti, da hatimi da lamba, tsaf kamar daga ofis. Wata takwas yana aiki da ita. Rannan a wani shinge aka buga lambar jikin motar a kwamfuta, sai ga shi takardar ta wata mota ce daban, an goge lamba an ɗora tasa. Aka sauke fasinja a rana, har da mai jego. Dillalin ya kashe waya. Motar na nan a ajiye, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, mutumin yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani. Ya je da rasit ɗin saye aka ce rasit ba fito ba ne. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, duk wadda ta biyo daji takardarta abin tuhuma ce. Damar kwana 90 da aka bayar a Maris 2024 don gyara takardun irin motocin nan ta wuce shi.

Hajiyar Jega: Innalillahi. Da ya kai lambar takardar ofishin kwastan an duba masa kafin ya biya. Aikin minti nawa ne?

Ɗan Bagudo: Mutanenmu kunyar dillali suka ji. In ka ce za ka duba, sai ya ce ba ka yarda da shi ba, ku da kuke sallah sahu ɗaya.

Mai Gareji: Kuma ko an ce a biya daga baya, fito ne da harajin tsohuwar mota, kan ƙimar da kwamfuta ta ba lambar motar, ba kan abin da ka saya ba. Wadda ta haura shekara 12 ma tana jerin haramtattu.

Manomin Fadama: Allah Ya mayar masa da alheri. Amma 'yan'uwa famfo na tambaya.

Ɗalibin Lauya: Abin da zai cije ku shi ne lambar kaya. Faranti shi kaɗai yana ƙarƙashin 8541, famfo 8413. In an rubuta su a dunƙule, ko ejan ya zuba duka a lamba mai arha, za a buɗe kwantena a ga saɓani, a ba ku takardar neman cikon kuɗi, kuɗin ajiya na tafiya kullum. A 2018 an yi wannan rigima, aka riƙa mayar da faranti lambar 8501 ta janareto. Mai sayarwa ya rubuta kowane abu a layinsa, da adadi da farashi. Akwai kuma tsarin neman hukuncin kwastan a rubuce kan lambar kaya tun kafin a yi oda, an ƙaddamar da shi a 2024. Kuma kar ejan ya ruɗe ku da rangwamen ECOWAS. Na kayan da aka ƙera ko aka noma a yankin ne, masu shaidar asali. Kayan Caina ko sun shekara a Kotono na Caina ne.

Tsohon Ejan: Yaro ya yi karatu. Amma wanda bai taɓa tsayawa a rana ana fasa kwantena ba ya bar manya su yi magana kan hanya.

Ɗalibin Lauya: Ranka ya daɗe, ina na yi kuskure?

Tsohon Ejan: Ban ce ka yi ba. Na ce takarda daban, tasha daban. Ta Binin za su biya ejan biyu, kuɗin wucewa da sefa, da rakiya, kuma dole kwantena ta iso iyaka da hatiminta ba a fasa ba. Fom M ya nuna inda kaya za su shiga, ba a sauya shi a baki. In Legas ta yi nisa, su tambayi kamfanin jirgi ko yana rubuta takarda har tashar tudu ta Kaduna ko Funtuwa. Ladan ejan a Legas ku sa naira dubu 400.

Hajiyar Jega: Dubu 400? A watan jiya an nemi 750 kan ƙafa 20.

Mai Gareji: Akwai mai yi 250.

Tsohon Ejan: Mai 250 shi ne mai gogen lamba. Ku tambayi kowa me ke cikin kuɗin: kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, ajiyar mayar da kwantena, ko ladansa kaɗai. Fiton kuma ku biya da kanku a banki, kar ku zuba a asusun ejan.

Ɗan Kamba: Ku kuna maganar dala. Mu da ke bakin iyaka, tun Nuwamban 2019 da anka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20, mun ga abin da ya sa kowa ke neman sola. Manomi ya ɗauko jarka ɗaya don injin ban ruwa, a tare shi a ce fasa-ƙwauri. Shinkafar da anka noma a fadamar Dandi ma, in tana cikin tsohon buhun waje, sai ka yi rantsuwa.

Ɗan Bagudo: Maganinta sabon buhu da rasit ɗin injin casa. Amma ƙirga shingayen da ke tsakaninku da Birnin Kebbi ka gaya muna, kowa da kakinsa.

Sarkin Albasa: Ni na ƙirga har na yi barci, na farka muna wani.

Ɗan Kamba: Babbar mota ta kwana biyu a hanyar awa uku, albasarka ma ruɓewa take, Sarki.

Manomin Fadama: To, Fom M ɗin dai, Legas za mu rubuta ko Kaduna? Shugabanmu na jira, gobe za a je banki.

Mai Gareji: Malam Ɗalibi, motar da ta yi sama da shekara a ajiye, ana iya zuwa kotu ko an riga an sa ta a gwanjo?