Neman kalmar Hausa: sirrin bayanai ko hurumin bayanai?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu kishin harshe, ina so mu tsaya a kan kalmar Turanci "privacy", musamman idan ta zo tare da "data", domin tun da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suka shiga hannun jama'a, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI da aka saka a cikin WhatsApp, tambayar da sabon shiga yake fara yi ita ce ina abin da ya rubuta yake tafiya, kuma wa zai iya karanta shi. Da wuya a ba shi amsa mai gamsarwa da Hausa matuƙar abin da yake tsoron rasawa ba shi da tsayayyen suna. A yanzu kowa da abin da yake faɗa: wani ya ce sirri, wani keɓantawa, wani kare bayanai, wani kuma rufin asiri. Ni dai shawarata ita ce mu tsaya a kan "hurumin bayanai".

Sirri ita ce ta fi yawo a bakin mutane, kuma ita ce ta fi damuna. A Hausa sirri abu ne da aka ɓoye, wanda in ya fita sai a ce ya tonu. To amma sunan mutum ba sirri ba ne, lambar wayarsa ba sirri ba ce, unguwar da yake zaune ma duk maƙwabta sun san ta. Duk da haka, idan aka tattara waɗannan wuri guda, aka haɗa da hotonsa da ciwon da yake fama da shi da bashin da ake binsa, aka miƙa wa wani kamfani ba da saninsa ba, an zalunce shi ko da babu ɗaya daga ciki da ya taɓa ɓoyewa. Kalmar sirri tana jefa sabon mai amfani cikin ɗayan kurakurai biyu. Wani ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, sai ya zuba wa manhajar komai, har lambarsa ta NIN da ta BVN. Wani kuma ya ji cewa waɗannan manhajoji suna kwashe sirrin mutane, sai ya guje su gaba ɗaya, ya hana kansa amfanin da zai samu wajen gyara wasiƙa ko fahimtar darasi, alhali tambayar da zai yi a kan lissafi ko noman albasa ba ta ɗauke da komai nasa.

Rufin asiri magana ce mai daɗi, sai dai ta riga ta yi gida a wani wuri, wato samun abin da mutum zai riƙe kansa da iyalinsa ba tare da ya yi roƙo ba, kuma tana ɗauke da ƙamshin cewa akwai abin kunya da ake rufewa. Keɓantawa kuma ta fi karkata ga mutum ya ware kansa shi kaɗai. Kare bayanai daidai ce, amma sunan aikin da doka da hukuma suke yi ne, shi ya sa ta dace da dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 da hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, da dokar ta kafa. Muna buƙatar sunan abin da ake karewar.

Hurumi ta fito daga tushen Larabci guda da haram da harami. Bahaushe ya san hurumin gari da hurumin maƙabarta da hurumin kiwo, fili ne da kowa yake gani, ba a ɓoye yake ba, amma yana da iyaka kuma akwai wanda yake da iko da shi. Muna kuma cewa wane ya shiga hurumin da ba nasa ba, ko wannan magana ba hurumina ba ce. Abubuwa ukun da kalmar Turancin take nufi duk suna nan: akwai iyaka, akwai mai iko da iyakar, akwai kuma izinin da shi kaɗai yake bayarwa. Gidan Bahaushe ya isa misali. Baƙo yana yin sallama ya tsaya a zaure, aboki na kusa yana iya wucewa gaba kaɗan, cikin gida kuwa sai muharrami, kuma ba don ana aikata wani abin kunya a ciki aka rubuta "ba shiga" a ƙofa ba. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya ba ɗan ƙasa irin wannan kariya a kan gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya.

Yanzu mu gwada kalmar a kan abubuwan da suka faru da gaske, domin a nan ne ake gane ko kalma za ta ɗauki kaya. An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022. A watan Maris 2023 wata matsala ta sa wasu masu amfani suka riƙa ganin kanun hirarrakin wasu mutane a shafinsu. A ƙarshen wannan wata hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da manhajar a ƙasar, ba ta dawo aiki ba sai ƙarshen Afrilu, bayan kamfanin OpenAI, mai manhajar, ya ƙara yin bayani a kan yadda yake sarrafa bayanan mutane, ya kuma ba su damar ƙin yarda a horar da manhajar da hirarsu, wato a koyar da ita daga abin da suka rubuta. A watan Mayu na shekarar kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki, saboda wasu injiniyoyi sun zuba bayanan cikin gida na kamfanin a ciki. A 2025 kuma an ga hirarrakin ChatGPT suna fitowa a binciken Google, domin masu su sun taɓa wani zaɓi na rabawa ba tare da sun fahimci abin da yake nufi ba, har kamfanin ya cire zaɓin. Idan muka ce duk wannan tonon sirri ne, mun cakuɗa su wuri guda. Da hurumi kuwa ana rarrabewa: na farko keta hurumi ne bisa kuskuren kamfani, na Italiya hukuma ce ta tilasta a nemi izinin mai hurumi, na Samsung ma'aikata ne suka fitar da abin da yake hurumin wani, na ƙarshe kuma mai hurumin ne ya buɗe ƙofarsa da hannunsa bai sani ba.

Amfanin wannan rarrabewa ga mai fargaba shi ne tana nuna masa abin da yake hannunsa. A ChatGPT akwai wuri a cikin saiti, ƙarƙashin sashen sarrafa bayanai, inda ake kashe izinin horar da manhajar da hirar mutum, akwai kuma hira ta wucin gadi da ba ta shiga tarihi, ko da yake kamfanin ya ce yana iya riƙe ta har kwana 30. Google, mai Gemini, ya faɗa ƙarara cewa ma'aikata suna iya karanta wani ɓangare na hirarrakin Gemini, ya kuma shawarci mutane kada su rubuta abin da ba sa so wani ya gani. Saƙon da ka aika wa ɗan'uwanka a WhatsApp a kulle yake daga wayarka zuwa tasa, amma wanda ka aika wa Meta AI yana isa ga kamfanin Meta ne, mai WhatsApp. Wanda ya san haka zai iya yi wa kansa iyaka. A ce wata baiwar Allah ta karɓo takardar gwajin jini daga asibiti tana so a yi mata bayanin alƙaluman da ke ciki kafin ta koma ganin likita. A saman takardar akwai sunanta da shekarunta da lambar katinta da sunan asibitin. Sai ta naɗe saman takardar, ko ta ɗora wata takarda a kai, ta ɗauki hoton alƙaluman kaɗai. Bayanin da za ta samu bai ragu da komai ba, kuma hoton da ya isa kamfanin ba ya nuna ko takardar wace ce.

Akwai wani wuri da sirri ba ta kai ba sam, kuma shi ya fi ƙarfafa mini gwiwa. Ɗan kasuwa da yake so manhaja ta tsara masa littafin bashi yana iya ɗaukar hoton shafin gaba ɗaya, da sunayen mutane da lambobin wayarsu da abin da ake bin kowa. Idan ka ce masa ya kula da sirrinsa, zai ce ai littafinsa ne. Idan ka ce masa waɗannan sunaye hurumin masu su ne, amana ce a hannunsa, nan take zai gane, sai ya maye gurbin sunayen da lambobi kafin ya tura. Haka malamin makaranta da sakamakon ɗalibai, haka ma'aikacin jinya da takardun marasa lafiya.

Na san za a kawo suka guda, kuma tana da ƙarfi: a labaran kotu hurumi ta zama sunan ikon sauraren ƙara, kamar yadda ake cewa kotu ba ta da hurumin sauraren shari'ar, don haka wani zai iya jin "hurumin bayanai" ya ɗauka ana nufin hukumar da take da iko a kan bayanai. Amsata ita ce wannan ma'ana ba ta saɓa wa abin da muke nema ba, domin tambayar ita ce wa yake da iko, kuma da an saka mallaka ruɗanin ya kau: hurumin bayananka, hurumin bayanan ɗalibai. Ban ce a kori sirri ba. Kalmar sirri ta shiga asusu, wato "password", tana nan daram, haka lambar sirri ta katin banki, domin su ɓoyayyu ne da gaske. Tsaron bayanai ma ta zauna a kan hana masu kutse.

Ga yadda nake so a gwada ta a rubutu da rediyo. Shafin da kamfani yake bayyana abin da yake tattarawa a kira shi "ƙa'idojin hurumin bayanai", wurin da ake kunnawa da kashewa a waya "saitin hurumi", laifin kuma "keta hurumin bayanai". Ina roƙon masu fassara manhajoji da 'yan jarida, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke fassarowa daga Faransanci, su saka waɗannan ukun cikin jimlolinsu na aiki, su kawo mana jimlar da kalmar ta ƙi zama a cikinta domin mu duba ta tare.